Vim: yadda za ka bambance halinsa da tangarɗarsa kafin ka kai ƙorafi ko ka nemi ƙari

Yawancin abin da sabon mai amfani da Vim yake ɗauka tangarɗa ce, ba ita ba ce. Wani gado ne daga vi, editan rubutu da Bill Joy ya rubuta a 1976, wanda Vim ya ɗauki alkawarin bin sawunsa tun da Bram Moolenaar ya fitar da shi a 1991. Wani kuma daga saitinka yake, ko daga irin ginin da aka sa maka a kwamfuta, ko daga taminal ɗin da kake aiki a ciki. Tangarɗa ta gaskiya ita ce ta ƙarshe a jerin, kuma ita ce mafi ƙaranci. Masu kula da Vim 'yan sa-kai ne, lokacinsu kaɗan ne, saboda haka wanda ya tace matsalarsa kafin ya kawo ta shi ake fara saurara.

Fara da Vim tsirara

Rufe komai, ka buɗe fayil ɗin da ke ba ka matsala da wannan umarni:

vim --clean sunan_fayil

Wannan yana tayar da Vim ba tare da vimrc ɗinka (fayil ɗin da ka rubuta saitinka a ciki) ba, ba fulogin ɗinka (ƙarin kayan aikin da ka ɗora masa), ba tarihin da ya ajiye a viminfo. Idan sigarka ta tsufa har ba ta san --clean ba, yi amfani da vim -u NONE -N. Kada ka manta da -N ɗin nan. Idan babu shi, Vim zai tashi a yanayin kwaikwayon vi, ka ga wasu sababbin halaye da za su ƙara rikita ka.

Idan matsalar ta ɓace, to laifin yana gidanka. Umarnin da ya fi kowanne amfani a nan shi ne :verbose. Misali, kana rubuta sharhi a cikin kod, ka danna Enter, sai Vim ya sa maka alamar sharhi a sabon layi, alhali ka kashe wannan a vimrc. Rubuta :verbose set formatoptions? zai nuna maka darajar saitin yanzu, da sunan fayil ɗin da ya taɓa shi a ƙarshe, har da lambar layi. Kusan kullum za ka tarar fayil ne na cikin foldar ftplugin, domin waɗannan ana loda su ne lokacin da aka buɗe fayil, wato bayan an gama karanta vimrc, sai su shafe abin da ka sa. Maganinsa ka ajiye gyaranka a inda za a karanta shi daga baya: ga harshen C, ƙirƙiri ~/.vim/after/ftplugin/c.vim ka sa setlocal formatoptions-=r formatoptions-=o a ciki. A cire haruffan ɗaya bayan ɗaya, domin idan ka haɗa su, kuma ba a jere suke haka a saitin ba, babu abin da zai fita. Haka :verbose map Y ko :verbose imap <Tab> ke tona wanda ya ƙwace maka maɓalli, :scriptnames kuma ya jero duk fayilolin da aka loda bi da bi.

In :verbose bai nuna komai ba, raba vimrc biyu. Sa kalmar finish a tsakiyarsa, Vim zai daina karantawa daga nan. Matsalar tana nan? To tana rabin sama. Ta tafi? Tana rabin ƙasa. Ci gaba da matsar da finish ɗin. Vimrc mai layi 500 ba zai ci maka fiye da gwaji tara ba. Idan kuwa jinkirin tashi ne damuwar, vim --startuptime lokaci.txt zai rubuta maka milisakan nawa kowane fayil ya ci.

Tarkon vimrc na farko

Akwai wani hali da ya shigo da Vim 8.0 a 2016 wanda har yau yake kama mutane. Idan ba ka da vimrc kwata-kwata, Vim yana loda wani fayil mai suna defaults.vim, wanda ke kunna launin kod, da gane nau'in fayil, da nuna sakamakon bincike tun kana bugawa, da komawa layin da ka tsaya a jiya. Ranar da ka ƙirƙiri vimrc, ko da layi ɗaya ne a ciki, ko ma babu komai, Vim zai daina loda shi. Sai mutum ya sa set number kawai, ya sake buɗewa ya ga launi ya ɗauke. Sa waɗannan layuka biyu a saman vimrc:

unlet! skip_defaults_vim
source $VIMRUNTIME/defaults.vim

Wannan tarko yana da wani reshe mai haɗari ga mai aiki da lambobi. Ctrl-A yana ƙara ɗaya a kan lambar da manuni yake kai. Ɗora shi a kan 007 ka danna, kana jiran 008, sai ka ga 010. Vim ya ɗauki sifirin farko a matsayin alamar lissafin tushe takwas, kamar yadda harshen C yake yi. Fayil ɗin defaults.vim yana kashe wannan, saboda haka wanda ya rabu da shi ya dawo da halin ba tare da ya sani ba. Gyaransa set nrformats-=octal.

Abin da aka gada daga vi

D yana share daga manuni zuwa ƙarshen layi, C yana canza daga manuni zuwa ƙarshen layi, amma Y yana kwafe layin ne gaba ɗaya. Rashin daidaito ne a fili, littafin taimakon Vim ma ya yarda da haka, har ya ba da shawarar map Y y$ ga wanda yake so. Ba za a canza shi ba, domin haka vi yake yi, kuma akwai yatsu da rubutattun umarnai na shekaru da dama da suka dogara da shi. Neovim, wani edita da aka cira daga Vim wanda bai ɗaure kansa da wannan alkawari ba, ya mayar da Y ya zama y$ tun siga ta 0.6. Haka cw: dw yana share kalma har da filin da ke bayanta, cw kuwa yana barin filin, ya yi aiki kamar umarnin ce. Duba :help cw za ka ga an rubuta shi a matsayin keɓantaccen hali. Kafin ka ce an yi kuskure, nemi umarnin a :help, sannan ka gwada :helpgrep da kalmar da ta dace.

Wasu halayen kuma na taminal ne, Vim ba shi da hannu. A tsohon tsarin taminal, Ctrl-I da Tab lamba ɗaya suke aikawa, haka Ctrl-M da Enter, haka Ctrl-[ da Esc. Shi ya sa idan ka ɗora wani aiki a kan Tab a yanayin umarni, Ctrl-I mai kai ka gaba a jerin wuraren da ka yi tsalle yakan tafi tare da shi. Sababbin sigogin Vim suna iya bambance su, amma sai taminal ɗin ya goyi bayan tsarin aika maɓallai na zamani. Karanta :help modifyOtherKeys. Jinkirin da ake ji bayan danna Esc ma daga nan yake: maɓallan kibiya suna aika jerin haruffa da ke farawa da Esc, dole Vim ya ɗan jira ya ga ko akwai saura. Sa set ttimeout ttimeoutlen=100, idan kuma kana cikin tmux, manhajar da ke raba taminal zuwa tagogi, rage escape-time nasa, domin tsoffin sigoginsa rabin sakan suke jira. Idan allo ya daskare bayan ka danna Ctrl-S da niyyar ajiyewa, taminal ne ya tsayar da fitar rubutu, Ctrl-Q zai sake shi.

Sai batun gini. Rubuta :version ka duba jerin abubuwan da ke da alamar + da masu alamar -. Idan ka ga -clipboard, babu saitin da zai sa "+y ya kai rubutu zuwa burauza, domin ba a gina wannan Vim ɗin da damar ba. A Debian da Ubuntu sai ka sa vim-gtk3, ko da a taminal za ka riƙa aiki. A kan waɗannan tsare-tsaren ne kuma ake samun vim-tiny, wanda idan ka kira shi da sunan vi, ka danna kibiya kana cikin rubutu, sai ya riƙa zuba A, B, C, D a sababbin layuka.

Saƙon E325 da ke tare ka da dogon gargaɗi shi ma ba ɓaci ba ne. Vim yana ajiye aikinka a wani ɓoyayyen fayil mai ƙarewa da .swp bayan kowane harafi 200, ko idan ka yi sakan huɗu ba ka taɓa komai ba. Idan wuta ta ɗauke ko haɗin SSH ya yanke, fayil ɗin yana nan. Yi vim -r sunan_fayil, ka ajiye abin da ya dawo da wani suna, ka gwada shi da na asali ta vimdiff, sannan ka share .swp ɗin da hannunka. In ba ka share ba, gargaɗin zai ci gaba da fitowa. Amma fara duba ko saƙon ya ce wani Vim yana riƙe da fayil ɗin har yanzu. In haka ne, je ka rufe wancan.

Haruffan Hausa a cikin Vim

Wannan misali ne mai kyau na buƙatar da kan sa mutum ya ce a ƙara wa Vim abu, alhali kayan aikin suna ciki. Tabbatar :set encoding? yana nuna utf-8. Kana cikin rubutu, Ctrl-V sannan u sannan 0253 zai ba ka ɓ. 0257 ɗ ne, 0199 ƙ, 01b4 kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Ɗora manuni a kan kowane harafi ka buga umarnin ga, za ka ga lambarsa. Wannan hanya ta yi tsawo ga rubutun yau da kullum, don haka sa wannan a vimrc:

digraphs b, 595 d, 599 k, 409 y, 436
digraphs B, 385 D, 394 K, 408 Y, 435

Yanzu Ctrl-K sannan k sannan waƙafi (,) zai ba ka ƙ. Lura cewa umarnin digraphs lambobin tushe goma yake karɓa, shi ya sa 0199 ya koma 409.

Ga mai rubuta Hausa da yawa, taswirar maɓallai ta fi. Ƙirƙiri ~/.vim/keymap/hausa.vim, a Windows kuma cikin foldar vimfiles:

scriptencoding utf-8
let b:keymap_name = "ha"
loadkeymap
;b ɓ
;d ɗ
;k ƙ
;y ƴ
;B Ɓ
;D Ɗ
;K Ƙ
;Y Ƴ

Kunna ta da :set keymap=hausa, Ctrl-^ kuma yana kashe ta ko kunna ta kana cikin rubutu. Da gangan aka sa alamar ; a gaba. Da an sa harafin a gaba, duk lokacin da ka buga b ko k sai Vim ya dakata yana jiran ya ga ko alamar ; na tafe, rubutu ya riƙa tsinkewa a ido. Amfanin taswirar a kan imap shi ne tana aiki a wurin bincike da /, da kuma bayan f, t da r.

Akwai abubuwa uku da za su ba ka mamaki, kuma duka a rubuce suke a littafin taimako. A bincike, \w da \a da [a-z] haruffan ASCII kaɗai suka sani, saboda haka \w\+ zai yanka ƙarƙashi gunduwa-gunduwa; yi amfani da \k. Na biyu, alamar ' ba ta cikin haruffan kalma, shi ya sa w da * suke ganin 'ya'ya a matsayin guntaye. A fayilolin rubutu zalla sa setlocal iskeyword+=39, amma kada ka sa shi a fayilolin kod, zai ɓata yadda ake gane kalmomi a kusa da alamar zance. Na uku, :sort yana jera layuka ne bisa lambar harafi, sai ɓ da ɗ da ƙ su faɗa bayan z. Sababbin sigogi suna da :sort l, wanda ke bin tsarin jeri na harshen da aka saita wa kwamfutar.

Idan tangarɗar ta gaskiya ce

Ta bayyana a --clean, ba ta cikin :help, ba ta taminal ba ce. Saura ka tabbatar ba a riga an gyara ta ba. Vim ɗin da ke zuwa da tsarin Linux yakan kasance baya da ɗaruruwan faci, domin kowane gyaran kod a Vim yana da lambarsa, kamar 9.1.0500, kuma kusan kullum ana ƙara sababbi. Layukan farko na :version suna nuna facin da ke cikin naka. Gina na yau:

git clone https://github.com/vim/vim.git
cd vim/src
make
VIMRUNTIME=../runtime ./vim --clean

Kana buƙatar gcc ko clang, da make, da libncurses-dev. Rashin na ƙarshen ne ke sa ginin ya tsaya da kukan bai sami laburaren taminal ba. Ba sai ka yi make install ba. Saita VIMRUNTIME ɗin kuwa dole ne, in ba haka ba sabon Vim zai nemi fayilolin taimako da na launi a wurin da babu su, ko ya ɗauki tsofaffi. Mai tsimin data zai iya ƙara --depth 1, sai dai wannan ba ya kawo tarihi, kuma mataki na gaba yana buƙatarsa.

Idan ka san abin yana aiki a da, nemo facin da ya ɓata shi. Kowane faci yana da tambari a git. Yi git bisect start, sai git bisect bad, sai git bisect good v9.0.0000 ko duk sigar da ka tabbatar lafiyarta ƙalau. Git zai kai ka tsakiya. Gina, gwada, ka faɗa masa good ko bad. Faci 2000 ba zai wuce gini 11 ba. Rahoton da ya zo da lambar facin da ya jawo matsala ya riga ya yi rabin aikin gyara.

Rahoton kansa a shafin vim/vim na GitHub ake kai shi, da Turanci, kuma Turanci mai sauƙi ya wadatar. Fara bincika ko wani ya riga ka, har cikin waɗanda aka rufe. Ka kawo matakai tun daga vim --clean, maɓalli bayan maɓalli, yadda wanda bai taɓa ganin kwamfutarka ba zai maimaita. Faɗi abin da ka sa ran gani da abin da ka gani. Liƙa duk abin da :version ya fitar a matsayin rubutu, ba hoton allo ba, tare da sunan tsarin kwamfutarka, sunan taminal, da darajar $TERM. Idan sai da wani fayil matsalar ke fitowa, rage shi zuwa layukan da suka zama dole; idan sai da wani saiti, rubuta ƙaramin vimrc mai layi biyar ko ƙasa. Matsalar launin kod ko shigar layi ta wani harshe tana da mai ita: buɗe fayil ɗin a runtime/syntax ko runtime/indent, sunan mai kula da shi yana sama, wasu ma a nasu ma'ajin ake gyara su. Abin da ya shafi tsaro kuwa, kamar fayil ɗin da buɗe shi kawai zai sa kwamfuta ta aiwatar da umarni, ba a bainar jama'a ake kai shi ba, akwai hanyar sirri a sashen tsaro na ma'ajin. An taɓa samun irin wannan a 2019 ta hanyar modeline, wato layin saiti da ake sakawa a cikin fayil, aka toshe shi a faci 8.1.1365.

Neman sabon abu

Karanta :help design-goals da :help design-not tukuna, gajeru ne. Za ka fahimci ma'aunin: Vim yana son ya yi aiki a kan kwamfutoci iri-iri har da tsofaffi, ya kasance mai sauri da ƙanƙanta, kada sabon abu ya karya tsohon hali, kuma duk abin da aka ƙara sai an rubuta bayaninsa. Sannan duba :help todo, dogon jerin abubuwan da aka sani ba a kai gare su ba. Da wuya ra'ayinka ya zama ba a taɓa kawo makamancinsa ba.

Buƙatar da ake karɓa tana farawa ne da matsala. Wanda ya ce a ƙara saiti kaza ya kawo magani ba tare da ya nuna ciwon ba. Faɗi aikin da kake son yi, yadda kake yinsa yanzu, da inda hanyar ta gaza. Tambayar farko da za a yi maka ita ce ko fulogin zai iya. Idan zai iya, a nan za a bar shi, kuma daidai ne, domin duk abin da ya shiga cikin Vim sai an ɗauki nauyinsa shekara da shekaru. Idan ba zai iya ba, nuna takamaiman abin da ya hana: wani aiki da babu, ko wani lamari da Vim ba ya sanar da fulogin. Sau da yawa wannan ƙaramin abin shi ya kamata ka nema, ba babban ba. Kada kuma ka nemi a canza halin da kowa ya saba da shi. Nemi a ba da zaɓi.

Tarihin Vim ya nuna cewa a'a ta yau ba ta har abada ba ce. Shekaru masu fulogin suna neman hanyar gudanar da aiki a bayan fage ba tare da edita ya daskare ba. Rashin karɓar wani faci a kan haka yana cikin abin da ya sa Thiago de Arruda ya fara Neovim a 2014. Vim 8.0 ya zo da nasa tsarin a 2016, 8.1 ya kawo taminal a cikin taga a 2018 duk da cewa littafin taimako ya daɗe yana cewa Vim ba wurin gudanar da shel ba ne, 8.2 ya kawo tagogi masu tasowa a 2019, 9.0 kuma ya zo da sabon harshen Vim9 a 2022. A zamanin Bram, masu ba da gudummawar kuɗi suna jefa ƙuri'a a kan abin da suke so a fara yi, kuɗin kuma yana tafiya ga yara a Kibaale ta ƙasar Yuganda ta hannun ƙungiyar agaji ta ICCF Holland. Bayan rasuwarsa a watan Agustan 2023, Christian Brabandt da sauran masu kula suka ci gaba, suka fitar da 9.1 a farkon 2024.

Hanya mafi sauri ita ce ka rubuta facin da kanka. Buɗe tattaunawa kafin ka zuba makonni a kai, don kada ka gina abin da ba za a karɓa ba. Bi :help coding-style, ka gyara bayanin da ke runtime/doc, kuma ka haɗa da gwaji. Gwaje-gwajen suna src/testdir, kowanne aiki ne da sunansa ke farawa da Test_, ga siffarsa:

func Test_hausa_toupper()
  call assert_equal('ƁƊƘƳ', toupper('ɓɗƙƴ'))
endfunc

Idan a test_utf8.vim ka sa shi, shiga src/testdir ka yi make test_utf8. Abin da ya faɗi zai fito a test.log. Ga facin gyara, gwada gwajin sau biyu: dole ya faɗi kafin gyaranka, ya wuce bayansa. Wanda ya wuce a duka biyun bai gwada komai ba. Kada ka taɓa jerin lambobin faci da ke version.c, mai kula ne ke sa lamba lokacin da ya karɓa. Faci ɗaya, magana ɗaya: idan ka hango wani kuskuren a hanya, ware masa nasa.

Wanda bai iya C ba, foldar runtime a buɗe take gare shi, domin da harshen Vim aka rubuta yawancin abin da ke ciki. Taswirar maɓallai irin ta sama a runtime/keymap take zama; :echo globpath(&rtp, 'keymap/*.vim') zai nuna maka harsunan da ke akwai a naka, ka buɗe biyu ko uku ka ga yadda aka tsara kansu da sunan mai kula kafin ka aika taka.